Tsara gari da tabaron gani-kamar-gaske: tambayoyi da amsoshi don karkarar Maraɗi

Waɗannan tambayoyi ne da masu gari, ma'aikatan ƙananan hukumomi, ɗaliban aikin gona da ƴan furoje suka saba yi idan aka ce za a shigo da tabarau cikin aikin tsara ƙauye. Amsoshin an yi su ne da la'akari da ƙasarmu: jigawa, geza da fadama, damina ta wata uku zuwa huɗu, da gonakin da suka riga suka haɗe baki da baki.

Wane irin tabarau ne, kuma me ya haɗa shi da tsara ƙauye?

Na'ura ce da ake ɗaurawa a fuska, tana da allo a ciki da madubi biyu, ɗaya ga kowane ido. Kowane ido yana ganin hoton da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa, shi ya sa mutum ke jin zurfi da nisa kamar a fili. In ka waiwaya, hoton ya waiwaya tare da kai. Idan aka zuba siffar garinku a ciki, za ka tsaya a ƙofar masallacin Juma'a ka ga inda ake son gina makaranta, ka taka zuwa bakin tabki, ka ga gonarka da itatuwan da ba su riga sun fito ba. Tabaron ba ya tsara komai. Aikinsa shi ne ya sa a yi gardamar da za a yi tun kafin a buga bulo na farko.

Taswira a takarda ba ta isa ba?

Ga wanda ya saba karanta ta, ta isa. Amma taswira kallon shaho ce, daga sama, kuma manomi ya san gonarsa ne daga ƙasa: daga gawon nan zuwa surin can. In aka shimfiɗa takarda a zaure, mutum biyu ko uku da suka yi lakwal ne ke magana, sauran su ce "to, madalla", sai ranar da aka fara haƙa harsashi a tashi rigima. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe taswira ba, da ta sa tabarau za ta ce maka, "Wannan fanfon ai kun kai shi bayan makabarta, wa zai je can da asuba?" Wannan magana ita ake nema.

Daga ina ake farawa?

Da ƙafa. Kafin a taɓa wata na'ura, a zaga gari da gonaki tare da mai gari, sarkin noma, wakilin makiyaya da mata biyu ko uku masu ɗebo ruwa da itace. A tambayi inda ruwa ya tsaya a daminar da ta fi muni da suka tuna, a sa alama a bango ko a jikin itace. A rubuta rijiyoyi da zurfinsu a watan Mayu, burtali, makiyaya, kududdufai, tsofaffin kushewa da wuraren da ba a taɓawa. Wayar hannu mai KoboToolbox tana ɗaukar wuri da hoto ba tare da intanet ba.

Sannan a zaɓi tambaya biyu ko uku kacal da ake son tabaron ya taimaka a yanke. Misali: ina sabuwar unguwa za ta nufa, ta ina ruwan kori zai bi, fakon arewacin gari na noma ne ko na kiwo. Wanda ya ce zai zana gari duka ya gyara komai a zama ɗaya, zai ƙare da fim mai kyau da babu shawara ko ɗaya a ciki.

Yaya ake ɗaukar siffar garin?

Hanya mafi inganci ita ce ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara. Da kyamara mai megafiksel 20 a tsawon mita 100, kowane ɗigon hoto yana wakiltar kusan santimita 3 a ƙasa. A saita shi kowane hoto ya hau kan na gabansa da kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, na gefe kuma da kashi 65 zuwa 70. Hekta 100 za ta ci hoto kusan 1,000 da batir biyar zuwa bakwai. Kafin tashi a shimfiɗa alamu a ƙasa, aƙalla biyar: huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya. Buhun da aka shafa wa fenti baƙi da fari, aka danne da duwatsu, ya wadatar. A auna wurin kowace alama da tsawonta da kyau, domin idan babu su siffar takan lanƙwashe kamar ƙwarya, tsakiyar gari ta kumbura, gefe ya nutse.

Hotunan a haɗa su su zama siffa da manhajar WebODM, a gyara taswirar a QGIS, a rage nauyin siffar a Blender, a zuba ta cikin tabarau ta Godot ko Unity. Duka manhajoji ne na kyauta, ban da Unity da ke da nasa sharuɗɗa. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwa GB 16 tana jure hoto kamar 250, don haka a raba aikin gida huɗu in ba a da wadda ta fi ta. Ga duk jihar Maraɗi tsarin awo shi ne UTM shiyya ta 32 arewa. In aka cakuɗa shi da wani, rijiya sai ta faɗa cikin gonar maƙwabci.

Lokacin tashi shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe biyu, lokacin da inuwa take gajera. Ranar da buji ya rufe sama a haƙura. Jigawa mai yashi zalla ita ma tana rikita manhaja, saboda ba ta samun abin da za ta gane a hoto biyu, sai a ƙara alamu a can.

Abu biyu ba a wasa da su. Na farko izini a rubuce daga hukumar jiragen sama ta ANAC da jami'an tsaro, musamman a garuruwan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji. Na biyu mutunci: jirgi yana leƙa tsakar gida, kuma makewayin karkara ba shi da rufi. A sa mai shela ya sanar da rana da sa'a tun jajibiri, sannan a dusashe cikin gidaje kafin kowa ya ga hoton.

In ba a samu jirgi ko izini ba fa?

Kyamara mai ɗaukar kewaye duka, irin Insta360 ko Ricoh Theta, a kan sanda daidai tsawon ido, a ɗauki wurare 15 zuwa 20 da kowa ya sani. A kan waɗannan hotuna ake ɗora sabon gini ko itatuwa. Shimfiɗar gari kuma a ɗauko ta daga hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth da OpenStreetMap. Tsofaffin hotunan Google Earth suna da wani amfani: suna nuna yadda kori ya ci gaɓa shekara bayan shekara. Abin da ba za a ɗauko daga intanet ba shi ne tudu da gangare. Bayanan tudu da gangare na kyauta da ake kira SRTM ɗigo ɗaya ne a kowane mita 30, kuma kuskurensu a tsaye yana kai mitoci. A ƙasar da bambancin rabin mita ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe, wannan bai isa a ɗora gini a kansa ba.

Me ya sa ake ta nanata maganar tudu da gangare?

Saboda ruwa ne ke tsara gari a ƙarshe. Birnin Maraɗi kansa a cikin kwarin Gulbi yake da farko, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da shi tudu. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne. A ɗauka ruwan milimita 40 ya sauka a fako mai hekta 10 da ke saman gari, rabinsa ya gangaro. Lita miliyan biyu ke nan, tano 10,000 na lita 200, a cikin sa'a ɗaya ko biyu. In siffar da ke cikin tabarau ta karkata da santimita 30 a inda bai kamata ba, za ta nuna ruwan yana bin gabas alhali a zahiri ta tsakiyar unguwa zai bi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin rufin ɗakuna, rumbuna da kawunan itatuwa a cikin siffar ƙasa. Manhaja sai ta ɗauki layin kalgo a matsayin ganuwa ta tare ruwa da shi. A tace su tukuna, a bar ƙasa tsirara. Bayan haka a gwada da tiyo: roba mai haske ta mita 15 zuwa 20 cike da ruwa, kowane baki a ɗaure da sanda mai awo. A fitar da kumfar iska duka, in ba haka ba awon ƙarya ne. A bi hanyar ruwa da shi a wurare goma. Idan tiyo da kwamfuta suka saɓa, tiyo ake bi. Gwaji na ƙarshe shi ne alamun da dattawa suka nuna a bango. A cika siffar da ruwa har ya kai alama ɗaya, a duba ko ya taɓa sauran.

Yaya ake nuna itatuwan da ba su fito ba tukuna?

Nan ne Maraɗi ta fi kowa abin faɗa. Sassaben zamani, wato renon tohon kututturan gona har su zama itatuwa, a nan ya samo asali, tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya lura cewa ƴan tohon da ake sarewa kowace shekara a gonaki kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwa mai zurfi. Manoma suka ɗauka suka yaɗa, garuruwa irin su Ɗan Saga ta Agye suka yi suna a kai, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar. Aikin sananne ne: a zaɓi kututture, a bar toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a sare sauran, a rage rassan ƙasa zuwa rabin tsayi da kaifaffen ƙarfe ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a dawo bayan ƴan watanni.

Don haka kada a watsa itatuwa cikin siffa kamar ana yayyafa gishiri. A ƙirga kututturan da ke gonar da gaske, a ɗauki wurin kowanne da irinsa: gawo, sabara, kalgo, aduwa, magarya, taramniya. A nuna wa mai gona ita da itace 40 a hekta, wato tazarar kusan mita 16, sannan da 80, ya zaɓa. Tambayarsa kullum ɗaya ce: inuwa za ta danne hatsi? A nan dole a zana gawo iri biyu, domin yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran. Wanda ya sa wa gawo ganye a watan Agusta, manomi zai cire tabaron ya miƙa masa, kuma ba zai ƙara yarda da komai a ciki ba.

Rana ma a saita ta daidai. Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa. Da tsakar rana a Disamba, itace mai mita 10 yana jefa inuwa kusan mita 7 da rabi zuwa arewa. A ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta inuwar tana ƙarƙashinsa, tsakanin waɗannan watanni kuma tana ɗan karkata kudu. Itatuwan da jirgi ya ɗauka suna fitowa kamar curin tuwo, a goge su a maye da zanannu.

Fako fa?

Rabin wata na noma, wato rami mai siffar rabin wata da ake haƙawa don tare ruwa, faɗinsa mita 4, zurfi santimita 15 zuwa 25, mita 8 tsakanin tsakiya da tsakiya a layi, mita 4 tsakanin layuka, a jere su saɓi-zarce da baki yana kallon tudu. Hekta tana ɗaukar 313. Tassa kuwa rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, kusan 10,000 a hekta in tazarar mita ɗaya ce, da taki cikin kowanne. Amfanin tabarau shi ne mutane su ga yawan haƙan da idonsu kafin su yi alkawarin gayya. A jigawa mai laushi ba a yin su, yashi zai cike su tun ruwan farko.

Me ake dubawa a cikin gari kansa?

Jama'ar Nijar tana ninkawa kusan kowace shekara 20, don haka garin gida 120 a zana shi da 240 a ga inda za su zauna. Sau da yawa sai an ga haka ake gane cewa sabuwar unguwar tana kan gonakin karkara mafi taki ne, ko kan gamanar mata. Tsakanin masai da rijiya a bar aƙalla mita 30, masai a gangare, kuma gindin raminsa ya tsaya mita 1 da rabi sama da ruwan ƙasa, abin da ke da wuya a fadamun Gulbi. A sa amalanken shanu biyu a cikin siffa a gwada ko za su wuce juna a lungu, ƙasa da mita 4 zuwa 5 ba za su wuce ba. Hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke fara zaizayewa, to layin dogon yaro a can ya dace. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, a shekarar ruwan milimita 500, yana tara lita kusan 20,000 bayan an cire asara. A nuna ko dai tankin da zai riƙe wani kaso, ko ramin da ruwan indararo zai haƙa a gindin bangon maƙwabci. A ware kuma wurin ɗibar ƙasar gini tun yanzu, domin kududdufin gobe ke nan.

Ba zai tayar da rikicin gona da burtali ba?

Zai iya, in aka yi sakaci. Layin da aka ja a kwamfuta yana kama da hukunci, alhali zane ne. Iyakar gona da ba a daidaita a kanta ba kada a zana ta sam. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. A yau ana samunsu daga matakin gari zuwa ƙaramar hukuma da gunduma, kuma su ke da hurumin shaida iyaka, aro, jingina da burtali. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da ƴancin zirga-zirgar dabbobi. Matsalar lokaci ce: ana yawan yin zaman kallo a lokacin da makiyaya suka yi arewa wajen Dakoro da Bermo, sai a tsara fili babu su. A jira saukowarsu bayan girbi, a sa garken shanu 100 a cikin burtalin da aka zana, hardo ya tsaya a ciki ya faɗi ko ya ishe su.

Nawa kayan suke, kuma ina wuta?

Tabaron Meta Quest 3S ya fito a 2024 a kan dalar Amurka 300, wajen jika 170 zuwa 180 na sefa kafin sufuri da kuɗin duwan. Ba ya bukatar kwamfuta yayin kallo. Biyu sun isa gari guda. Batirinsa sa'a biyu ne, ƙaramin batirin ajiya mai mAh 20,000 yana cika shi kamar sau uku, farantin sola mai wat 100 kuma yana ɗaukar tabarau biyu da kwamfutar hannu. A yi rajista da duk saukarwa a birni, a gwada shi da intanet a kashe kafin a kama hanya. Kuɗin gaske yana tafiya ne a kan awo da kwanakin mai haɗa siffa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna wurare ne da ya dace a nemi masu ilimin ƙasa da itatuwa.

Me ke lalacewa, me ke sa mutane jiri?

Rana ce babbar abokiyar gaba. In haskenta ya shiga madubin ciki, cikin ƙasa da minti ɗaya zai ƙona allon ya bar tabo har abada. Ba a ajiye shi a kan tabarma fuska sama, daga kai sai jaka. A waje ma yana rasa gane inda mutum yake tsaye, sai a yi amfani da aji ko zaure mai matsakaicin haske da fili mita 2 da 2. A zafin Afrilu da Mayu yana kashe kansa, a yi zama da safe. Madubi da busasshen ƙyalle mai laushi ake share shi bayan an hure ƙura, ba a sa masa alkol. Matashin fuska na roba a goge shi bayan kowane mutum, mai ciwon ido kuma ya kalla a bango.

Jiri yana zuwa ne idan ido ya ce ana tafiya, jiki ya ce ana zaune. Maganinsa: mutum ya zauna a kujera, ya riƙa tsallakawa daga wuri zuwa wuri da danna maɓalli maimakon shawagi, minti biyar zuwa bakwai a karon farko. Hotunan da tabaron ke nunawa kada su sauka ƙasa da 72 a daƙiƙa, abin da ke nufin a rage ƴan kusurwa-ukun da ake gina siffar da su zuwa ƙasa da rabin miliyan. Kada a ɗaga kowa sama ba gargaɗi.

Yaya ake gudanar da zaman?

Wanda ya sa tabarau makaho ne a cikin taro, kuma dattijo ba ya son yara su ga yana lalube. A fara da manya a keɓe. Mata a yi musu nasu zaman, mace ce za ta ɗaura musu a kan hijabi ta tsaya kusa. A fara kowa da garin yadda yake yau, daga ƙofar gidansa, har sai ya ce "ga rumbuna nan". Wanda bai gane garinsa na yau ba, ra'ayinsa kan na gobe ba abin dogaro ba ne. A haɗa tabaron da kwamfuta ta wayar USB da manhajar scrcpy, a haska a farin bango, don sauran su ga abin da yake gani. Mutum ɗaya aikinsa rubuta abin da aka faɗa kawai, da wurin da aka faɗe shi.

Ba yaudara ba ce, a nuna wa mutane aljanna?

Gani ya kori ji, amma gani ma ana yi masa ƙarya. Mai zane yana son kore, mai ba da kuɗi ya fi shi so. Ƙa'idar ita ce kowane tsari a nuna shi a shekara ta 3, ta 10 da ta 20, a watan Agusta da watan Afrilu, sannan a shekarar fari. A shekara ta 3 sassaben zamani ƴan sanduna ne da awaki ke kewaya, haka za a nuna shi. A ajiye zaɓi biyu ko uku, har da na barin komai yadda yake. Abin da babu kuɗinsa a hannu a ba shi launin toka, domin duk abin da mutum ya gani da launi a cikin tabarau ya ɗauke shi alkawari.

Bayan an cire tabarau sai me?

A fita da turaku, igiya da toka a cikin makon, a zana abin da aka amince a ƙasa, a bar shi kwana bakwai kowa ya taka. Gyaran da ya fito a mayar da shi cikin siffa. Sannan a rubuta takardar yarjejeniya gaban Kofo na gari, da sa hannun mai gari, wakilin makiyaya da wakiliyar mata, a kai kwafi ma'aikatar magajin gari don ya shiga tsarin raya ƙaramar hukuma. A buga taswirar a babbar takarda a lulluɓe ta da roba, a bar wa gari ita tare da hotunan duka a katin ajiya biyu. Bayan damina ta farko a koma da tiyo da waya, a ɗauki inda ruwa ya bi da gaske da yawan tohon da suka tsira daga awaki, a gyara siffar kafin a nuna wa gari na gaba.